Me Ke Sa Tsohon Gidan Gona Ya Shiga Kundin Gine-ginen Tarihi?

Mai tambaya ya ce ya ga hoton wani tsohon gidan manoma a karkarar Amurka, farin gida na katako mai hawa biyu da baranda a gaba, wanda aka ce hukuma ta sanya shi cikin kundin wuraren tarihi na ƙasa saboda muhimmancin gininsa. Shi dai bai ga wani abin burgewa a jikinsa ba, kuma ba a ce wani shahararren mutum ya taɓa kwana a ciki ba, don haka yake so ya san abin da masana suke gani a irin wannan gida wanda idon sauran jama'a ba ya kaiwa gare shi.

Abin da ake karramawa a irin wannan gida shi ne shaidar da yake ɗauke da ita. Yana nuna yadda mutanen wani yanki suka gina muhallinsu a wani zamani, da kayan da hannunsu ya iya kaiwa, da dabarun da kafintocinsu suka gada, sannan ya iso zamaninmu ba tare da an goge wannan shaidar daga jikinsa ba. Kyan gani yana iya haɗuwa da hakan, amma ba sharaɗi ba ne, kuma sau da yawa gidan da ya fi kowane zama na gama-gari a zamaninsa shi ya fi cancanta a yau, domin dubban ire-irensa sun rushe ko an sauya musu kama, shi kaɗai ya rage a yadda aka san su.

Tsarin da ake bi a Amurka ya samo asali ne daga dokar adana kayan tarihi ta shekarar 1966, wadda aka zartar a lokacin da manyan hanyoyin mota da shirye-shiryen sabunta birane suke cinye tsofaffin unguwanni. Dokar ce ta kafa Kundin Wuraren Tarihi na Ƙasa, wanda hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta ƙasa take riƙe da shi a ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma a yau abin da ke cikinsa ya haura 95,000. A bisa al'ada gini yakan kai shekara 50 kafin a duba shi, sannan dole ya cika aƙalla ɗaya daga cikin ma'auni huɗu: alaƙa da wani muhimmin al'amari na tarihi, alaƙa da wani muhimmin mutum, darajar tsarin gininsa, ko yiwuwar ya ba da wani ilimi idan aka tona aka bincika. Na ukun, wanda ake kira ma'aunin C, shi ne ya shafi tambayarmu. Ma'aunin ya yarda da aikin gwanin magini da ginin da ya kai matuƙa a fasaha, amma kafin ya ambaci waɗannan sai da ya fara da ginin da ya tattara siffofin da ake gane wani nau'in gini da su, ko wani zamani, ko wata hanyar gini. Ta wannan ƙofa gidajen gona suke shiga. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato cewa ba a bukatar gidan ya zama mai muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya, ya isa a ce a cikin gundumarsa shi ne misalin da ya fi tsayawa a kan asalinsa. Matakin da ya shafi ƙasa baki ɗaya daban yake, kuma wuraren da suka kai shi ba su wuce 2,600 da 'yan kai ba.

Idan masani ya je duba gida irin wannan, ba ya daɗewa a gaban baranda. Yakan nemi fitila ya sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa, daga nan ya hau can ƙarƙashin rufi, domin a waɗannan wurare biyu ne ƙashin ginin yake a fili, babu fenti babu filasta. A gidajen farko da Turawan Ingila suka gina a arewa maso gabashin ƙasar, ƙashin gida manyan gungumen itace ne da aka sassaƙa da gatari, har yanzu ana ganin sawun bakin gatarin a jere a jikinsu. Ba a haɗa su da ƙusa. Kafinta yakan fafe rami a jikin wannan gungume, ya feƙe bakin wancan daidai ramin, a cusa, sannan a huda a buga turken itace ya riƙe su. Da yake gungumen ba su miƙe sambal ba, kowace mahaɗa an yanka ta ne don abokiyarta kaɗai, shi ya sa kafintan yake zana lambobin Romawa a gefen kowace, domin ranar da maƙwabta za su taru su ɗaga ginin kada a ɗauki wannan a kai wurin wancan. Waɗannan lambobi suna nan a gidaje da yawa, kuma idan aka tarar da lamba a inda ba ta da abokiyar haɗi, ko ramin da babu komai a cikinsa, an san an taɓa kwance wani sashe ko an ɗauko itacen daga wani gini da ya gabata.

Gidan iyalin Fairbanks da ke garin Dedham a jihar Massachusetts shi ne misalin da masana suka fi komawa gare shi. Jonathan Fairbanks, wanda ya yi ƙaura daga Yorkshire ta Ingila, shi ya gina shi a matsayin gidan gonarsa, kuma ana ɗaukarsa mafi tsufan gidan katako da ke tsaye a Arewacin Amurka wanda aka tabbatar da shekarunsa ta hanyar gwaji. Gwajin ya dogara ne a kan da'irorin da ke cikin kututturen itace, waɗanda suke faɗaɗa a shekarar albarka su ƙuntace a shekarar fari, ta yadda jerinsu yake zama sa hannun wani zamani a wani yanki. Idan aka samu da'irar ƙarshe da ke ƙarƙashin ɓawo, an samu shekarar da aka sare itacen, kuma da yake kafintocin wancan lokaci da ɗanyen itace suke aiki, tsakanin sara da gini babu nisa. Da wannan aka gano cewa an sare wasu manyan itatuwan gidan a wajajen 1641. Asalin tsarinsa ɗaki biyu ne a ƙasa da biyu a sama, tare da katafaren bututun hayaƙi na bulo a tsakiya wanda yake ɗumama kowane ɗaki a lokacin hunturu. Daga baya aka ƙara masa ɗaki a baya da wasu ɗakuna a gefe biyu. Zuriya takwas ta iyalin ta zauna a cikinsa har zuwa farkon ƙarni na 20, kuma a 1960 aka ayyana shi cikin wuraren da ke da muhimmanci ga ƙasa baki ɗaya. A yau gari ya riga ya kewaye shi, gonar ta tafi, amma abin da ya sa ya kai wannan matsayi shi ne cewa mazaunansa sun yi ta ƙara ɗaki a gefe maimakon su rushe na tsakiya su sabunta. A ganina, rashin kuɗin yin gagarumin gyara ya ceci tsofaffin gidaje fiye da yadda sha'awar tarihi ta cece su.

Yawancin gidajen gonar da ke cikin kundin ba su kai wannan tsufa ba, na ƙarni na 19 ne, kuma a nan ƙananan abubuwa ne suke ba da labari. Ƙusa kaɗai ta isa ta raba zamani uku. Wadda maƙeri ya ƙera da hannu tana da kai mai alamun guduma, kuma ita ake amfani da ita har zuwa wajajen 1800. Daga shekarun 1790 aka fara yanko ƙusa mai kusurwa huɗu da inji daga faifan ƙarfe, ita ce ta mamaye kusan dukan ƙarni na 19, kafin zagayayyar ƙusar waya ta ƙwace kasuwa a wajajen 1890. Haka ma sawun zarto a jikin katako: miƙaƙƙun layuka a jere alamar zarton da ruwa ke turawa sama da ƙasa ne, lanƙwasassun layuka kuwa na zarto mai juyawa ne, wanda bai yaɗu ba sai tsakiyar ƙarnin. Sai dai ana taka tsantsan, domin manomi ba ya zubar da ƙusa ko gungume mai kyau, yakan cire daga tsohon sito ya sa a sabon gida. Saboda haka tsohon abu a cikin bango ba ya yanke hukunci, abin da ya fi kowanne sabunta a cikin asalin ginin shi ke nuna cewa ba a yi ginin kafin lokacinsa ba.

Babban sauyi ya zo ne a farkon shekarun 1830 daga wajen Shikago, inda aka fara gina gidaje da siraran katakai da injin zarto ya yanka daidai wa daida, a jera su kusa da kusa a haɗa da ƙusa. Wannan hanya ba ta bukatar gwanin sassaƙa mahaɗa ko taron jama'a, mutum biyu ko uku suna iya tsayar da gida. Da layin dogo ya ratsa ƙasar ya riƙa kai katako da ƙusa da gilashi har filayen da babu daji, sai ta zama hanyar da aka gina yawancin gidajen gonar tsakiyar ƙasar da yammacinta. A daidai wannan lokaci murhun ƙarfe ya maye gurbin buɗaɗɗen murhu, ƙaton bututun tsakiya ya zama ba shi da amfani, aka samu sarari na yin farfajiya da matakala a tsakiyar gida. Mai duba gini yana iya tsayawa a ɗaki guda ya ga an toshe bakin tsohon murhu da bulo an huda ƙaramin rami na bututun ƙarfe a samansa, ya san a nan iyalin suka tsallaka daga wani zamani zuwa wani.

Gidan da mai tambaya ya kwatanta yana kama da wani nau'i da masanin labarin ƙasa Fred Kniffen ya yi nazarinsa a shekarun 1930, ya same shi birjik a jihohin Indiana da Illinois da Iowa, ko da yake asalinsa ya girme su. Hawa biyu ne, faɗinsa ɗaki biyu ko fiye, amma zurfinsa ɗaki ɗaya tak. Duk ɗakunan suna samun iska da haske ta gaba da baya, ba ya bukatar dogayen katakan rufi, sannan da yake doguwar fuskarsa ce take kallon hanya, mai wucewa yana ganinsa ya fi girmansa na gaskiya. Manomin da gona ta fara yi masa albarka ya san da hakan sarai. A kan wannan gangar jiki guda ake ɗora adon zamani daban-daban. Tsakanin 1820 da 1860 aka yi yayin kwaikwayon gine-ginen tsohuwar Girka, da farin fenti da ginshiƙai a bakin ƙofa. Daga shekarun 1840 littattafan zanen gidajen karkara na Andrew Jackson Downing suka yaɗa tsinin rufi a tsakiyar fuska da sassaƙaƙƙen katako a bakinsa, sannan salon Italiya ya zo da matokarai masu ado a ƙarƙashin bakin rufi. Kafintan ƙauye ba ya kwafar littafi ɗungurungum, yakan ɗauki abin da kayan aikinsa da aljihun mai gida za su iya, ya bar sauran, kuma wannan sassauci da ya yi shi ne abin da masana suke bibiya daga gunduma zuwa gunduma. Da yake yayi yakan makara kafin ya isa karkara, kuma yakan daɗe bai tashi ba, ado kaɗai ba abin dogara ba ne wajen sanin shekarun gida.

A wurina bayan gidan ya fi gabansa ba da labari, domin gaba na baƙi ne, baya kuwa nan ake aiki. Yawanci akwai wani reshe da ya miƙa ta baya, mai ɗauke da ɗakin girki da wurin sarrafa madara da ma'ajiyar itacen wuta. A arewa maso gabas, musamman cikin ƙarni na 19, manoma da yawa sun haɗa gidan da wannan reshe da barga suka zama gini ɗaya a jere, mutum ya fita daga ɗakin girki ya isa wurin dabbobi bai taka dusar ƙanƙara ba. A kudu kuwa sau da yawa ana ware ɗakin girki daban saboda zafi da tsoron gobara, kuma a gonakin da aka yi bauta bayi ne suke aiki a cikinsa. Ga ɗan ɗakin dutse da ake ginawa a kan idon ruwa don sanyaya madara, ga ɗakin ƙyafe nama, ga rijiya. Ya kamata a tuna cewa a tsakiyar shekarun 1930 kusan gona ɗaya ce cikin goma take da wutar lantarki a Amurka, kafin gwamnati ta kafa hukumar kai lantarki karkara a 1935. Ke nan kusan duk gidan gonar da aka gina kafin nan an tsara shi ne bisa itacen wuta da ɗiban ruwa da hasken rana, kuma wurin da aka sa kowace taga da kowace ƙofa yana da dalili. Shi ya sa gidan da ya tsira tare da sitonsa da bargarsa da filinsa yake da nauyi fiye da wanda ya rage shi kaɗai.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun tsayawa a kan asali. Hukumar tana auna wannan ta fuska bakwai, wato ko gidan yana inda aka gina shi, ko tsarinsa na nan, ko kewayensa bai sauya ba, ko kayan gininsa na asali ne, ko ana ganin aikin hannun maginansa, ko yana ba da yanayin zamaninsa, da kuma ko alaƙarsa da tarihin da ake danganta shi da shi tana bayyane. Ga gidan da ake nema masa shiga saboda gininsa, tsari da kaya da aikin hannu su ne kan gaba. Ba a cewa sai gidan ya kasance kamar ranar da aka gama shi, domin akan ƙayyade masa wani tsawon zamani da muhimmancinsa ya shafa, duk ƙarin da aka yi a cikin wannan zamani ya zama ɓangare na tarihinsa. Barandar da aka ƙara bayan shekara 40 da ginawa tana iya zama abin kiyayewa daidai da bangon da ta jingina da shi. Gidan da aka ɗauke daga mazauninsa aka kai wani wuri ba ya cika samun shiga, sai dai ƙa'idar ta yi sassauci idan darajarsa ta gini ce zalla.

Abin da ya fi hana gidaje shiga ba rushewa ba ne, gyaran da aka yi da kyakkyawar niyya ne. An lulluɓe katakon waje da faifan alminiyam ko na roba don a huta da fenti, a garin haka aka sare adon bakin tagogi da na kusurwoyi don faifan ya kwanta. An cire tagogin katako masu ƙananan gilasai shida a sama shida a ƙasa, waɗanda aka yi su haka saboda babban gilashi yana da tsada a lokacin, aka sa na roba masu girman da bai dace da ramin ba. Mafi muni a gidajen bulo shi ne cike tsakanin bulo da siminti. Tsohon bulo mai laushi ne, kuma an ɗaure shi da kwaɓin farar ƙasa wanda ya fi shi laushi, ta yadda danshi yake fita ta mahaɗa, ita ce take lalacewa a hankali a sake cika ta. Siminti ya fi bulon tauri kuma ba ya barin danshi ya wuce, sai ruwan ya koma cikin bulon, sanyin hunturu ya daskarar da shi, fuskar bulon ta ɓare ta zube. Ɓarnar da shekara 150 ba ta yi ba, irin wannan gyara yana iya yin ta cikin 'yan shekaru.

Hanyar shiga kundin ba ta da wani sirri. Mai gida ko wata ƙungiyar tarihi ko ƙwararre yakan rubuta takardar neman shiga, ofishin adana kayan tarihi na jiha ya duba, kwamitin masana na jihar ya tattauna, sannan a aika wa hukumar tarayya ta yanke hukunci, kuma idan mai gidan ya ƙi amincewa ba za a sanya shi ba. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ƙarancin ƙarfin wannan karramawa. Shiga kundin ba ya hana mai gida ya sauya gidansa ko ma ya rushe shi da kuɗinsa, muddin babu wata dokar jiha ko ta ƙaramar hukuma da ta hana. Abin da yake yi shi ne tilasta wa hukumomin tarayya su duba illar ayyukansu a kan gidan kafin su ba da kuɗi ko izini, kamar aikin hanya ko madatsar ruwa, sannan yana buɗe damar rangwamen haraji na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara, amma ga ginin da ake samun kuɗin shiga da shi kawai, ban da gidan da mutum yake zaune a ciki. A Ingila lamarin ya sha bamban, domin a can sauya ginin da ke cikin jerin hukuma ba tare da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, kuma kusan duk ginin da ya girmi shekarar 1700 wanda bai sauya sosai ba yana samun shiga.

Babbar barazana ga waɗannan gidaje daga tattalin arzikin noma take. A 1935 Amurka tana da gonaki kusan miliyan 6.8, a ƙidayar 2022 kuwa ba su wuce miliyan 1.9 ba. Idan manomi ɗaya ya sayi gonakin maƙwabtansa uku, ƙasar yake bukata, gidajen uku kuwa sai a kulle su, kuma gidan katakon da babu kowa a ciki ba ya jimawa: indararo ya toshe, ruwa ya bi bango ya ruɓar da gungumen da ke kwance a kan harsashi, daga nan ginin ya fara karkata. Akwai kuma gyaran fahimta da ya wajaba a yi game da waɗanda suka tsira. Galibinsu na manoma masu hali ne, waɗanda suka iya sayen bulo ko katako mai kyau. Bukkokin gungume na farkon zama, da ɗakunan bayi, da gidajen masu noman haya da 'yan ƙodago, an gina su da kaya marasa ƙarko kuma babu wanda ya damu da riƙe su, don haka wanda ya ɗauki abin da ke cikin kundin a matsayin hoton rayuwar karkara gaba ɗaya zai zaci mutanen da sun fi yadda suke wadata. Wannan ne ya sa ƙaramin ɗakin ma'aikata da ya rage a bayan wani babban gida yakan fi babban gidan wuyar samu, kuma masu rubuta takardun neman shiga na yanzu suna ba shi kulawar da na da ba su ba shi ba.

Game da gidan da mai tambaya ya gani kuwa, takardar da aka shigar da shi da ita a buɗe take ga jama'a a mafi yawan lokuta, ta hannun hukumar tarayya ko ofishin jihar da gidan yake. Sashe na 7 shi ke bayyana ginin dalla-dalla, daga harsashi zuwa rufi, tare da duk sauye-sauyen da aka yi masa da lokacin da aka yi su. Sashe na 8 kuma shi ke kawo hujjar muhimmancinsa, inda marubucin yakan kwatanta shi da sauran gidaje irinsa a gundumar, ya faɗi waɗanda suka rage da halin da suke ciki, da dalilin da ya sa wannan ya fi su cancanta.